Paul Tessier: likitan da ya buɗe ƙoƙon kai don ya gyara fuska

Tambaya daga wata ɗalibar likitanci da ke aji biyar: "Likita, barka da aiki. A darasin tiyata malaminmu ya ce Paul Tessier shi ne uban tiyatar ƙoƙon kai da fuska, ya wuce bai yi bayani ba. Ni kuwa na karanta cewa tun yaƙin duniya na ɗaya ake gyaran fuskar sojoji. To mene ne sabon da ya kawo har ya ci wannan suna? Kuma aikin nasa yana da wani amfani gare mu a nan?"

Ƙanwata, barka kadai, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Abin da kika karanta daidai ne. Harold Gillies, ɗan ƙasar New Zealand da ya yi aiki a Ingila, ya gyara fuskokin dubban sojoji a asibitin Sidcup tun daga 1917, shekarar da aka haifi shi Tessier ɗin. Shi kansa Tessier wurin Gillies ya je ɗaukar ilimi. Inda suka rabu shi ne wurin ƙashi. Magabatansa gwanaye ne wajen ɗauko fata daga ƙirji ko goshi su rufe ramin da harsashi ya bari. Amma idan yaro ya zo duniya da ƙasusuwan fuskarsa a gurbin da ba nasu ba, idanu sun yi nesa da juna ko tsakiyar fuska ta lotsa ciki, iyakar abin da ake yi masa shi ne a ɓoye aibin: a ɗan matso da gira, a cika hanci da guringuntsi, a sallame shi. Kamar yaɓe ne a kan katangar da ta karkace, komai kyan yaɓen karkatar tana nan. Tessier ya ce katangar za a gyara.

Ba ragwanci ne ya hana na baya taɓa ƙashin ba, tsoro ne mai dalili. Akwai wata iyaka a cikin kai, wato gindin ƙoƙon kai ta gaba, inda ƙwaƙwalwa ke zaune a kan rufin gurbin idanu da rufin hanci. Abin da ke sama na likitan ƙwaƙwalwa ne, na ƙasa na likitan fuska da muƙamuƙi, ido kuma na likitan ido, kowa ya tsaya a gonarsa. Hanci cike yake da ƙwayoyin cuta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure ko kaɗan daga cikinsu, don haka duk wanda ya buɗe ƙofa tsakaninsu ya gayyato sanƙarau. An kuma ɗauka cewa in aka motsa gurbin ido jijiyar gani za ta lalace, mutum ya makance. Ga shi an yi imani cewa babban yankin ƙashi, in aka raba shi da naman da ke ciyar da shi, mutuwa zai yi ya ruɓe. Waɗannan tsorace-tsorace su ne Tessier ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna iyakar gaskiyar da ke cikin kowanne da yadda za a kauce mata.

An haife shi a watan Agusta 1917 a Héric, wani ƙaramin gari kusa da Nantes a yammacin Faransa, a gidan 'yan kasuwa. Ya shiga makarantar likitanci ta Nantes a 1936. Yaƙi ya katse masa karatu: Jamusawa suka kama shi a 1940, ya kamu da taifod a tsare har ciwon ya taɓa masa zuciya, aka sake shi a 1941 saboda tsananin rashin lafiya. Ya sami digirinsa a 1943, kuma a watan Satumba na shekarar jiragen yaƙi suka yi wa Nantes ruwan bama-bamai, babban asibitin garin ya rushe. Sai ya nufi Paris, ya shiga hannun Maurice Virenque, tsohon likitan raunukan fuska na soja, wanda sashensa ya koma asibitin Foch da ke Suresnes, a bayan garin Paris, a 1946. Foch ne ya zama gidan Tessier na shekaru masu yawa.

Ki lura da yawan ƙofofin da ya ƙwanƙwasa a wannan zango, domin nan ne asirin yake. Wurin Georges Huc, likitan ƙashin yara, ya koyi yanka ƙashi da dasa shi. Tare da likitocin ido na Nantes ya shafe shekaru yana aikin gurbin ido da fatar ido. Yakan tsallaka Ingila a kai a kai, ya tsaya bayan Gillies da Archibald McIndoe yana kallo yana rubutawa. Ya yi aikin ƙuna, ya yi na tsagaggen leɓe. Lokacin da babbar tambayar rayuwarsa ta shigo ɗakin duba marasa lafiya, yana da shekara 40, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da suka san ƙashi, suka san ido, suka san fata, duk a hannu ɗaya.

Tambayar ta zo ne a 1957, a siffar wani saurayi mai ciwon Crouzon, ciwon da likita Octave Crouzon ya fara bayyanawa a 1912. Kin san ƙoƙon kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne, ɓangarori ne da mahaɗai masu taushi a tsakaninsu, maɗiga kuma ita ce inda suka fi buɗewa. Mahaɗan nan ne ke ba ƙwaƙwalwa filin girma, ita da ke ninka kanta a shekarar farko. A ciwon Crouzon suna rufewa tun lokaci bai yi ba, na kai da na tsakiyar fuska duka. Muƙamuƙin ƙasa ya ci gaba da girma, tsakiyar fuska ta tsaya a baya. Gurbin ido ya rasa zurfi, idanu su turo waje har fatar ido ta kasa rufe su, baƙin ido ya bushe ya yi gyambo. Hanyar iska ta bayan hanci ta matse, yaro ya riƙa shaƙewa cikin barci. Haƙoran ƙasa su wuce na sama, tauna ta gagara. Duk mai cewa wannan aikin kwalliya ne bai taɓa kwana kusa da gadon irin wannan yaro yana sauraron numfashinsa ba.

Akwai wata dabara da ke yawo a zukatan likitoci tun kafin nan. A 1901 René Le Fort na birnin Lille ya yi gwaji a kan kawunan gawawwaki, ya gano cewa fuska tana karyewa ne ta layuka uku sanannu. Na ukun shi ne mafi tsanani: fuska gaba ɗaya ta rabu da ƙoƙon kai, karayar ta bi ta karan hanci, ta ratsa gurbin idanu, ta fita ta ƙashin kunci. To in haɗari zai raba fuska da kai mutum ya rayu, me zai sa likita ba zai yi haka da gangan ba, cikin tsari, ya jawo fuskar gaba? Gillies ya gwada a farkon shekarun 1940, rahoton ya fito a 1950. Fuskar ta koma inda ta fito, shi kuma ya gargaɗi almajiransa kada su sake. Maganar Gillies a lokacin ba a ja da ita. Tessier ya karanta rahoton, ya tsaya a kan tambaya ɗaya: me ya mayar da fuskar baya? Ya ga abu biyu. Yankan Gillies ya tsaya a bakin gurbin ido, gaba da jakar hawaye, shi ya sa gurbin bai ƙara zurfin kirki ba. Sannan ya bar giɓin da ya buɗe babu komai a ciki, tabo da tsoka suka ja ƙashin suka mayar.

Da yake ba a Paris ya yi karatu ba, bai sami damar shiga ɗakin gawa na makarantun Paris ba. Sai ya riƙa tashi daga aiki ya hau jirgin ƙasa zuwa Nantes, tafiyar kusan kilomita 400, shi da nas ɗin da ke miƙa masa kayan aiki, su yi gwajin aikin a kan gawa cikin dare, su kamo jirgin da zai dawo da su bakin aiki da safe. A 1958 ya yi wa saurayin aiki. Ya yanka ƙashin can cikin gurbin ido, ya raba fuska da kai, ya jawo ta gaba kimanin milimita 25, ya cike kowane giɓi da ƙashin da ya ciro daga jikin saurayin. Fuskar ta tsaya. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya: bai garzaya ya shelanta wa duniya ba. Ya ci gaba da aiki yana bibiyar waɗanda ya yi wa, yana auna su yana ɗaukar hotonsu, kusan shekara goma kafin ya tsaya gaban taro. Ya san abin da ya kayar da Gillies bai bayyana a ɗakin tiyata ba, sai bayan watanni.

Wannan aikin na farko a ƙasan iyakar nan aka yi shi. Tsallake ta ya zo ne da matsalar idanun da suka yi nesa da juna. A babban mutum tazarar ƙashi tsakanin gurbin idanu biyu takan kai milimita 25 zuwa 28. Tessier ya raba tazarar da ta wuce kima gida uku: 30 zuwa 34, 34 zuwa 40, da abin da ya haura 40. A mataki na uku ido ɗaya yana neman gefen kai, kuma ƙwaƙwalwa da kanta ta sauko ta zauna a filin da ke tsakanin idanun. Ba yadda za a matso da su ta fuska ba a soki ƙwaƙwalwa ba. Sai ya je wurin Gérard Guiot, likitan ƙwaƙwalwa na Foch, ya tambaye shi ko za a iya shigowa ta sama, ta cikin ƙoƙon kai. Guiot ya yi shiru, sannan ya ce, "Me zai hana?" Amsar nan ce daga baya ta zama taken ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya, wadda aka kafa a 1983. Ni dai a ganina sunan Guiot ya cancanci a riƙa ambatonsa duk inda aka ambaci Tessier, domin shi ne ya yarda a buɗe ƙwaƙwalwar da ba ta da ciwo saboda gyaran fuska, alhali in abu ya ɓaci shi za a fara tuhuma.

Bari in kwatanta miki yadda aikin yake, don ki ga inda hikimar take. Ana yanka fatar kai daga kunne zuwa kunne a cikin gashi, a sauko da fatar goshi gaba ɗaya kan fuska, tabon kuma gashi zai rufe shi. Likitan ƙwaƙwalwa ya cire ƙashin goshi ya ajiye gefe, ya ɗaga gaban ƙwaƙwalwa a hankali tana cikin tantaninta. Yanzu rufin gurbin idanu ya fito fili, ana ganinsa daga sama. Sai a zagaye kowane gurbi da zarto da kurfi ta kusurwa huɗu, a cire ƙashin da ya yi yawa a tsakiya, a matso da gurbi biyun su kusanci juna, a ɗaure da waya, a cike giɓin da ya buɗe a gefe da dashen ƙashi, a gina hanci. Wurin yankan shi ne komai. Tessier ya gane cewa ba sai an motsa gurbin ido duka ba. In aka yanka a bayan tsakiyar ƙwayar ido, amma gaba da ramin da jijiyar gani ke fitowa, ɓangaren gaba zai tafi da ido, ramin jijiyar kuma yana nan inda yake. Ita jijiyar Allah Ya yi ta da rara: tsawonta a cikin gurbi kusan milimita 25 ne, alhali tazarar da take ratsawa kusan 18 ce, shi ya sa ido ke iya juyawa. Wannan rarar ce ta ba da damar matsar da ido ba tare da an ja jijiya ba.

Maganar sanƙarau kuwa, a ayyukan farko na tsakiyar shekarun 1960 sun raba aikin biyu. Su fara ƙarfafa tantanin ƙwaƙwalwa da dashen fata don ya zama shinge tsakaninta da hanci, sai bayan watanni su dawo su motsa idanu. Da hannu ya faɗa, aka mayar da shi zama ɗaya. Marasa lafiyan farko sukan rasa jin ƙamshi, har John Converse na New York ya kawo gyaran da ke tsare jijiyoyin ƙamshi a 1970. Ki kuma tuna duk wannan an yi shi ne babu na'urar siti-sikan, wadda sai 1971 aka fara ɗaukar hoton mara lafiya da ita a Landan, babu kuma 'yan ƙananan faranti da kusoshin da muke ɗaure ƙashi da su yau. Hoton ƙashi na gargajiya ne, da waya, da sanin sassan jiki.

A 1967 ya gabatar da ayyukansa a babban taron likitocin gyaran jiki na duniya a birnin Rum. Hotunan kafin aiki da bayan aiki sun girgiza mahalarta. A nan wani zai tsaya ya karɓi yabo. Shi kuwa a ƙarshen shekarar ya gayyato manyan masana zuwa Foch, na ido, na ƙwaƙwalwa, na muƙamuƙi, na gyaran jiki, daga ƙasashe daban-daban. Ya nuna musu marasa lafiyansa, ya yi aiki a gabansu suna kallon hannunsa, sannan ya ce su yanke hukunci: in sun ga haɗarin ya fi amfanin, zai daina. Suka ce ya ci gaba. Na daɗe ina tunanin wannan zama. Mutum ya kwashe shekara goma yana gina abu, ya ɗora shi a hannun waɗanda cikinsu akwai masu ganin ya shiga gonarsu, ya ba su ikon rushe shi. A zamanin da babu kwamitocin ɗa'ar bincike irin na yau, shi ya kafa wa kansa ɗaya. Wannan fanni haɗarinsa mutuwa ne da makanta a kan yaron da zai iya rayuwa ba tare da aikin ba, kuma ina ganin da ba ta wannan ƙofa ya shigo ba, da duniyar likitoci ba ta karɓe shi da wuri haka ba.

Abin da za ki fi cin karo da sunansa a jarrabawa shi ne lambobin tsagewar fuska da ya wallafa a 1976, bayan nazarin marasa lafiya sama da 300. Ba tsagaggen leɓen da kika saba gani ake nufi ba, wanda ke zuwa a kusan haihuwa ɗaya cikin 700. Waɗannan tsagewa ne da ba a cika gani ba, masu ratsa kunci ko ido ko goshi, waɗanda a da kowane marubuci da sunan da yake ba su. Ya ɗauki gurbin ido ya mai da shi cibiya, ya zagaye shi da lambobi daga 0 zuwa 14. Sifili a tsakiyar fuska take, 1 zuwa 7 suna bin ƙasan ido har kusurwar baki zuwa kunne, 8 tana gefen ido, 9 zuwa 14 suna hawa goshi. Ya ƙara lamba 30 ga tsagewar tsakiyar muƙamuƙin ƙasa. Amfanin tsarin a gaban mara lafiya shi ne tsagewar ƙasa da ta sama sukan zo a layi ɗaya, jimillarsu 14: in kin ga 3 ki nemi 11, in kin ga 4 ki nemi 10. Wato in kin ga tsaga a leɓe ta nufi ido, ki ɗaga kai ki duba fatar ido da gira da gaban gashi, kuma ki sa a ranki cewa ƙashin da ke ƙasa ma a tsage yake.

Game da dashe, mutum ne mai tsananin riƙo da ƙashin mara lafiya kansa, ba ya son roba ko wani baƙon abu a fuska. Yana ɗauka daga haƙarƙari, ƙugu da ƙwauri, daga baya ya yaɗa ɗauka daga ƙoƙon kai, a rubutunsa na 1982. Ƙoƙon kai hawa biyu ne da ɓargo a tsakani, ana iya tsaga shi a ɗauki hawa ɗaya a bar ɗaya, ga shi a filin aiki ɗaya, babu sabon yanka a ƙirji, kuma ya fi jure narkewa. Kayan aiki da dama shi ya tsara su, har yau akwai abin lanƙwasa ƙashi mai sunansa a tiren tiyata.

Ba zan ɓoye miki tsadar abin ba. Aiki ne da kan cinye yini guda. An rasa rayuka a wannan fanni, wasu sun rasa gani, wasu ƙashin goshinsu ya ruɓe aka cire. Zubar jini ita ce babbar abokiyar gaba: jariri mai kilo 8 jininsa duka bai wuce mililita 650 ba, kuma fatar kai da ƙashi suna tsiyaya tun daga yankan farko har ɗinkin ƙarshe. Aiki mafi nauyi, wato jawo goshi da fuska gaba a dunƙule ɗaya, wanda Fernando Ortiz Monasterio na Meziko ya wallafa a 1978, yana barin fili a bayan goshi da ke haɗe da hanci, kuma cuta ta sha shiga ta nan. Sannan wuƙa ba ta canza halitta. A 1994 aka gano cewa ciwon Crouzon daga sauyi ne a ƙwayar gado mai suna FGFR2, shekara guda bayan nan aka gano na ciwon Apert, wani ciwo mai kama da shi, a wuri ɗaya. Yaron da aka jawo wa fuska yana shekara 6, tsakiyar fuskar ba za ta ci gaba da girma kamar ta kowa ba, sau da yawa sai an sake wani aikin in ya balaga. Iyaye suna da haƙƙin jin wannan tun ranar farko.

Daga ƙarshen shekarun 1960 Foch ya zama wurin ziyarar likitoci, shi ma ya riƙa zagaye yana aiki a asibitocin wasu, a Great Ormond Street da ke Landan, a Philadelphia, a Boston inda Joseph Murray yake, wanda ya sami kyautar Nobel a 1990 saboda dashen ƙoda amma rabin rayuwarsa a gyaran fuskar yara ta tafi. Waɗanda suka koya daga gare shi suka kafa cibiyoyi, irin ta David David a Adelaide ta Ostireliya a 1975. Daniel Marchac da Dominique Renier a asibitin Necker na Paris suka kai aikin kan jarirai. A 1992 Joseph McCarthy ya ɗauko dabarar Ilizarov ta Rasha, ta tsawaita ƙashin ƙafa, ya kawo ta muƙamuƙi: a yanka ƙashi, a riƙa buɗa shi milimita ɗaya kullum, sabon ƙashi na tsirowa a giɓin. Wannan ya rage buƙatar dashe, ya kuma rage haɗarin filin nan na bayan goshi, tunda ƙwaƙwalwa na cike shi sannu a hankali. Likitocin ciwon daji suka ari hanyarsa don kaiwa ga ƙari a gindin ƙoƙon kai. Likitocin haɗari suka ari yankan kunne zuwa kunne da dashen ƙashi tun a aikin farko. Ya rasu a Paris a watan Yuni 2008 yana da shekara 90. Tarin bayanan marasa lafiyansa, da hotuna da zane-zanen da ya yi ta tarawa, an adana su a Amiens, garin da Bernard Devauchelle da abokan aikinsa suka yi dashen fuska na farko a 2005.

Sai tambayarki ta biyu. Amfanin yana nan, kuma kusan kullum ne. Duk ɗan acaɓan da aka kawo tsakiyar fuskarsa na motsi, aka buɗe ta cikin gashi aka mayar da ƙashin kunci da gurbin ido mazauninsu, gadon Tessier ya ci. Haka wanda aka cire wa babban ƙari a muƙamuƙin sama aka sake gina masa ƙasan ido. Amma ki bambanta. Cutar noma, mai zaizaye baki da kuncin yara masu tamowa, wadda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023 bisa jagorancin Najeriya, matsalarta rashin nama ne da ƙagewar muƙamuƙi. Gyaranta ya fi jingina da ilimin ɗauko fata na su Gillies, maganinta na gaskiya kuma abinci ne da rigakafin ƙyanda da maganin ƙwayoyin cuta a kwanakin farko.

Abin da na fi so mu ɗauka daga gare shi shi ne tsarin. Wannan aiki ba na gwani ɗaya ba ne. Sai an haɗa likitan ƙwaƙwalwa, na fuska, na ido, na kunne da hanci, mai sa barci da ya saba da jarirai, ma'ajiyar jini da ba ta yankewa, ɗakin kulawa ta musamman na yara, likitan haƙori da mai koyar da magana, su riƙe yaro ɗaya daga haihuwa har balaga. Ciwukan kuma ba su da yawa, hannu ba ya faɗawa sai an tara su wuri ɗaya. Ingila duk arzikinta cibiyoyi huɗu ta ware wa manyan ayyukan nan: Landan, Oxford, Birmingham da Liverpool. Mu ma da a ce arewa za ta tara ƙarfinta a cibiya ɗaya ko biyu, da ya fi kowane asibiti ya riƙa gwada ɗaya a shekara. Sassan da ake buƙata akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato.

Ke kuwa, inda za ki fara amfani shi ne ganewa da wuri, tun a asibitin karkara. Haɗewar mahaɗan kai kafin lokaci tana zuwa a kusan haihuwa ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500. Ki riƙa shafa kan jariri. In kin ji tudu a miƙe kan mahaɗa, ko kai ya yi tsawo ya tsuke, ko goshi ya yi tsini, ko gefe ɗaya ya baje har ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ki auna kewayen kan ki tura shi, domin aikin ya fi kyau a shekarar farko, mai ƙaramin yanka kuma sai a watannin farko. In kin ga jariri da ƙullutu a karan hanci ko tsakanin idanu tun haihuwa, yana kumbura in ya yi kuka, ki ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta leƙo ta wani rami a gindin ƙoƙon kai har sai hoto ya nuna akasin haka. Kada ki soka masa allura, kuma ki zauna da uwar da kakar ki yi musu bayani da kyau kada a kai shi wurin wanzami. Ki gaya musu ba aljanu ba ne, ba kuma wani abu uwar ta ci ko ta gani ba, ana gyara shi ta hanyar da Tessier da Guiot suka buɗe: a shigo ta sama a rufe ramin, a matso da ƙashin idanu, a gina hanci. Ki rubuta takardar turawa zuwa asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa, ki karɓi lambar wayarsu don ki tabbatar sun isa.